Agogon da Aka Kai Kan Dutsen Kwatarkwashi

Akwai wata magana da nake ji a bakinku tun kuna ƙanana, har yanzu da wasunku suka fara furfura ba ku bar ta ba, wai kakanku Malam ne ya hana ni zuwa jami'a don ba ya son boko. Ban san wanda ya fara ta ba. Ina dai zargin gwaggonku Hadiza, Allah Ya ji ƙanta, don ita labari ba ya wucewa ta gabanta ba ta ƙara masa gishiri ba. Kwanan baya na ji ɗaya daga cikin jikokina yana faɗa wa abokinsa, har da girgiza kai irin na tausayi, abin ya ba ni haushi ƙwarai. Mutumin da ya kama hannuna ya kai ni firamare a Tsafe, lokacin da maƙwabta ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu, shi ne yau aka mayar maƙiyin boko. To ku zauna ku karanta, ku daina ɗora wa mamaci abin da bai yi ba.

A shekarar da nake ba ku labari, yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, ana ta buɗe makarantu, malamai kuwa sun yi kaɗan. Ni na gama babbar sakandare, aka ɗauke ni koyarwa na wucin gadi a wata makaranta a Gusau kafin sakamakon neman jami'a ya fito. Na kama ɗaki a Tudun Wada, ina zuwa aiki da keke. Shugaban sashen kimiyya wani Ba'indiye ne, siriri, mai yawan tari, ba ya cin nama, ba ya kuma cin mutuncin kowa. Shi ya ara mini wani ƙaramin littafi a kan abin da masana ke kira babbar ka'idar dangantaka, mu a aji muna ce mata rilatibiti. Littafin na bayani ne zalla, babu lissafi a ciki, wannan kuwa ku riƙe shi. Abin da na fahimta shi ne, ba wata igiya ce a ɓoye ke jawo mangwaro ƙasa in ya tsinke ba. Abu mai nauyi irin duniya ko rana yana lanƙwasa sararin da ke kewaye da shi, kamar yadda ƙato ke lotsa katifa in ya zauna, komai na kusa ya gangaro wajensa. Kuma ba sarari kaɗai ke lanƙwasa ba, har da lokaci. Wanda ke ƙasa kusa da nauyin, lokacinsa ya fi tafiya a hankali, na wanda ke sama ya fi sauri. Wallahi abin ya shiga kaina fiye da yadda soyayya ke shiga kan saurayi. Ina tuƙa keke ina kallon mutane ina cewa a raina, bayin Allah, ba ku san abin da kuke tafiya a cikinsa ba.

Da damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, sai aka ɗauke ni karatun fiziks a jami'a a Zariya. Za a rufe rajista kafin a yanke gero.

Ku da kuke zama kuna gardama da ni kamar abokinku ba za ku gane yadda muke da Malam ba. Ni ne ɗan farinsa. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban idona ya yi mini magana ba. In ina wurin, sai ya ce "wancan," in ba na nan, "mutumin Gusau." Duk abin da ke tsakaninmu ta bakin ƙanensa yake bi, Baffa Sani, wanda ke fataucin hatsi a Bungudu, yake kuma da gona a Kwatarkwashi wajen dangin matarsa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka muka tarar. Baffa ya kai masa zancen jami'a, Malam bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na shiga wurin Inna, mahaifiyata, hankalina a tashe, tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Shirun nan ai shi ne amsa," in ji ta. "Kai dai ka kama bakinka, ka je ka wanke tsummokaranka."

Ranar Juma'a bayan La'asar zauren Malam kan cika. Manya ne ke zuwa ɗaukar karatun fiƙihu, in an gama a zauna hira. Shi ne kuma mai duba inuwa ya faɗi lokacin salla a unguwarmu, duk da yana da agogo a aljihu. Ina zaune can bakin ƙofa wajen takalma, sai Alhaji Mamman mai goro, abokin Malam tun na ƙuruciya, mutum mai tsokanar tsiya, ya juyo gare ni.

"Haruna, an ce za ka Zariya. Likita za ka zama ko alƙali?"

Na ce fiziks zan karanta. Ya ce mene ne shi kuma, ana ci ne ko ana shafawa? Aka yi dariya. Dariyar ce ta tunzura ni. Na gyara zama na kwashe bayanin littafin nan kaf na zube musu, har da katifar, na rufe da cewa lokaci ba ɗaya ba ne, na kan dutse daban, na gindin dutse daban.

Malam ya dubi Baffa.

"Sani, tambayi wancan. Rana na yin zawali nan kafin ta yi a Sakkwato, wanga kowa ya sani. Shi yake nufi?"

Na ce a'a, ba tafiyar rana ba, shi kansa lokacin.

"Wa ya gani?"

Na ce masana.

"Malamin da ya ba shi littafin ya gani?"

Na ce karantawa ya yi.

"Shi wanda ya fara faɗi fa?"

Na ce lissafawa ya yi, daga baya wasu suka duba taurari ranar da rana ta yi husufi, suka ga haske ya karkace kamar yadda ya ce.

"Haske aka gani ke nan, ba lokaci ba," in ji Malam. "To ƙara tambayar shi. In na ce yanzu, ni da ke zaune nan, wanda ke bisa dutse shi ma ya ce yanzu, yanzun wa za a ɗauka?"

Kafin in lalubo amsa, Alhaji Mamman ya kyalkyale da dariya ya ce, "Malam, ashe duk shekarun nan da kake auna muna inuwa wahala kake. Ga ɗanka ya ce kowa da nashi lokacin. Gobe in na makara Asuba, kan soro na kwana."

Wannan karon dariyar ta yi yawa, kuma ba ni aka yi wa ba. Na ga fuskar Malam ta canza. Ya bari aka lafa, sannan ya faɗi maganar da ta ɗaure mu duka, a gaban mutum fiye da goma.

"Ba ni sakin ɗa ya tafi neman abin da ba wanda ya gani. In an nuna mani da idona, shi tafi. In ba a nuna ba, shi zauna."

Ni kuma da zafin kai na ce ana iya gwadawa. A sami agogo biyu iri ɗaya, a saita su tare, a kai ɗaya kan dutsen Kwatarkwashi, ɗaya ya zauna a Tsafe, daga Juma'a zuwa Juma'a. Na sama zai wuce na ƙasa. Kowa ya ce wannan adalci ne.

Na samo aron agogo irin na Malam sak a wurin wani mai gyaran agogo a kasuwar Gusau. Juma'ar da ta biyo baya aka saita su da ƙarar rediyo a gaban shaidu, Malam ya mayar da nasa aljihu, ni da Baffa muka hau mota zuwa Kwatarkwashi. Kun sha ganin dutsen ta tagar mota, hawansa wani abu ne daban. An yi ruwa, dutsen na santsi, ga ciyawa har ƙugu, Baffa na gaba da babbar riga a naɗe a kafaɗa yana haki yana tsine wa boko. A can sama akwai kufan mutanen da, guntayen katangu na duwatsu da fasassun tukwane. Muka sa agogon a gwangwanin madara, muka naɗe da tsumma, muka cusa a wani kogo inda ruwa ba ya kaiwa. Na tsaya na dubi ƙasa, gonaki kore shar har iyakar gani, hanyar mota kamar zare, ina ji a jikina wai lokaci na gudu da ni fiye da waɗanda ke can. Baffa ya ɗauki nauyin hawa kullum ya ba agogon wani, wato ya murɗa shi don kada ya tsaya, tunda yana ciran ciyawa a gonarsa makon nan.

"In na faɗo na mutu, ka gaya wa Bature shi ya kashe ni," in ji shi.

Ranar Litinin na ba Ba'indiyen labari da alfahari. Ya cire tabarau ya dube ni, ya yi tarinsa, ya ja ni gaban allo. Bai yi mini dariya ba, har gobe ina gode masa. Ya tambayi kimanin tsawon dutsen, muka yi lissafin tare, layi uku ne kacal. Ka'idar ba ta ƙaryata kanta ba, na sama yana wuce na ƙasa. Amma a tsawo irin na Kwatarkwashi, sai agogon ya yi shekara wajen miliyan a kogon nan kafin ya wuce ɗan'uwansa da daƙiƙa guda. Agogon kasuwa kuwa, zafi ko sanyi kaɗai kan sa ya yi gaba ko baya da minti a mako. Wato duk abin da za mu gani ranar Juma'a, ba lokaci za mu gani ba, halin ƙarfe za mu gani.

Ranar Juma'a motar da na hau daga Gusau ta tsaya a Kwatarkwashi, sai ga Baffa ya shigo da gwangwaninsa. Muka matsu a baya tsakanin buhuna da wata akuya. Na raɗa masa abin da na gano, na ce gwajin nan banza ne. Bai ko dube ni ba.

"Kai dai ka yi shiru," ya ce. "Ka bar agogo shi yi magana."

Zauren ya cika fiye da kullum, har waje. Malam ya ciro nasa ya ajiye a kan buzu, Baffa ya kwance tsumma ya ajiye ɗayan kusa da shi. Alhaji Mamman ya fara leƙawa, ya goge ido ya sake leƙawa. Na sama ya wuce na ƙasa da 'yan mintuna, tazarar a fili, ko mai hakiya zai gani. Aka shiga salati. Alhaji Mamman ya ce ikon Allah ya wuce wasa, ya janye maganarsa, yaro ya yi gaskiya. Malam ya dubi agogunan na ɗan lokaci, sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa,

"To, an gani. Sani, ce ma wancan shi shirya."

Ga Zariya an miƙo mini a tafin hannu. Abin da ya rage kawai in sunkuyar da kai in ce na gode. Ina so ku san ba waliyyi ba ne ni, ina son tafiyar nan kamar in mutu. Amma na dubi mutanen nan, na san gobe labarin zai kai kasuwar Bilbis, jibi Bungudu, cewa an ga lokaci da ido a Kwatarkwashi. Wata rana wani zai sake kai nasa agogon, na sama ya yi baya, a ce ashe duk ƙarya ce, a zubar da gaskiyar tare da ƙaryar. Abin da ya fi wannan, Malam ya tambaya wa ya gani, tambaya ta mai ilmi, ga shi kuma zai tafi yana cewa ya gani da idonsa, alhali bai ga komai ba. Na kasa haɗiye wannan.

Na ce, "Baffa, a gaya wa Malam wannan ba hujja ba ce."

Baffa ya harare ni, harara irin wadda ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ban tsaya ba. Na yi bayanin shekara miliyan, na ce ka'idar na nan daram, amma agogon nan kuskurensa ya yi, da baya ya yi ma haka zan ce. Alhaji Mamman ya riƙe haɓa.

"Yau ga abin mamaki. An ba mutum gaskiya ya ce ba tashi ba ce. To kai yanzu kana da abin nunawa ko babu?"

Na ce babu, ba a nan ba, ba da irin waɗannan agogunan ba.

Malam ya ɗauki agogonsa a hankali ya sa a aljihu. Bai dubi kowa ba, na ɗauka fushi ne.

"Kun ji da bakinshi," ya ce. Ya miƙe ya shiga gida.

Inna ta yi kuka, ta ce ita ba ta taɓa ganin wanda aka zuba wa tuwo ya tsaya binciken inda aka samo dawar ba. Ni kuma na koma Gusau zuciyata kamar ta fashe. A ganina na yi abin da ya koya mini, ya hukunta ni a kai. Na ƙi zuwa Tsafe. Baffa ya biyo ni Tudun Wada sau ɗaya, ya zauna a bakin gadona yana ta kewaye-kewaye, ya ce ko akwai saƙon da zan ba shi ya kai gida. Na ce ba ni da saƙo. Aka yanke gero, aka rufe rajista. Shekarar da ta biyo na auri mahaifiyarku, sai ga ɗanmu na fari Aminu, sai hidima ta hau kaina. Daga baya na yi kwas na malanta, na koyar da kimiyya har na yi ritaya, amma ƙofar jami'a ban shige ta a matsayin ɗalibi ba. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba, wani lokacin har yanzu yana yi.

Kuna yawan tambayata, to ka'idar gaskiya ce ko ba gaskiya ba? Ga iyakar abin da zan iya cewa. An ƙera agogunan da ba na ƙarfe da wani ba, masu auna abin da hankali ba ya kamawa, an kai su sama an dawo da su, na sama ya wuce, daidai gwargwadon da lissafi ya ce. Wayar da ke hannunku mai nuna muku hanya, sai an yi wa agogunan taurarin ɗan'adam da ke can sama wannan gyaran take faɗin daidai. Duk jarrabawar da aka yi wa ka'idar, a iya sanina, ta ci. Amma a kimiyya in an ce abu daidai ne, ana nufin har yau ba a kama shi da kuskure ba. Ka'idar da ta gabace ta ta yi ɗaruruwan shekaru ana rantsuwa da ita kafin a gano inda ta gaza, kuma masanan da kansu suna cewa ita ma wannan akwai wuraren da ba ta kai ba. Ni na yarda da ita yadda nake yarda da gadar da manyan motoci suka daɗe suna bi. Tambayar Malam kuwa, yanzun wa za a ɗauka, na karanta abin da na samu, na ga ka'idar cewa take babu wani yanzu guda da ya game duniya da taurari. Lissafin na bi shi na gane. Zuciyata ba ta taɓa zama da shi ba, kuma na lura manyan masu tunani ma ba su gama gardama a kai ba. Mutumin da bai taɓa zama a bencin boko ba ya sa yatsa a daidai wurin da ke da wuya.

Mun shirya da Malam, irin shiryawarmu. Na koma zuwa gida, ina gaishe shi daga bakin ƙofa, yana amsa wa bango. Ba a sake ta da zancen ba. Bayan 'yan shekaru ya kwanta ciwo da kaka, bai tashi ba. Bayan sadakar bakwai, da hantsi, baƙi sun watse, ni da Baffa muna naɗe tabarmin zaure, sai ya zauna a kan wadda ya naɗe ya ce in zauna.

"Akwai amanar da aka ce in riƙe har sai ba ya nan. Agogon nan na dutse, ni na murɗa shi gaba."

Na ce, wa ya sa ka?

"Malam ya sa ni. Ran da za mu tafi ya raka ni har bayan gida ya ce, Sani, na yi magana cikin fushi gaban mutane, ba ni iya lashe ta. In agogon bai wuce don kanshi ba, ka taimake shi."

Na ce, to da na yi maganata, me ya hana shi ya ce in tafi duk da haka?

"Da wane baki? Da muka shiga gida ya zauna ya dafe kai. Can ya ce, ni da nake karantar da mutane gaskiya na sa an yi ƙarya, yaro ya ƙi karɓa. Ya ce min, Sani, in yaron ya sake aiko ka, ko da kalma ɗaya ce, ka ce na yarda, mutane su faɗi abin da za su faɗa. Amma kar ka roƙe shi, kar ka gaya mashi, shi dai ya aiko. Shi ya sa na zo maka Tudun Wada."

Ya share fuska da hannun riga.

"Duk Juma'a in na sauka mota, kafin in cire takalmi sai ya ce, mutumin Gusau ya ba ka saƙo? Har aka yanke gero yana tambaya."